Kafin ka ce "ya yi" ko "bai yi ba": jagorar zaɓen fim da auna shi ga mai kallo a karkara

Mutumin birni in ya kunna fim ya ga shirme, kashewa yake yi ya nemo wani, tunda wuta na leƙo shi ko da jefi-jefi ne, intanet kuma na kama shi har cikin ɗaki. Mu da ke ƙauyukan Ringim, Gaya, Babura ko Sumaila ba haka abin yake ba. Fim ɗaya sai ya ci kuɗin turi, ya ci kuɗin caji, ya tare wuri a memori, sannan ya cinye awa biyu ko uku daga daren mutumin da zai yi sammakon gona. Don haka mu ne muka fi kowa buƙatar iya tantance fim, kuma mu ɗin ne aka fi tura wa duk abin da aka ga dama.

Auna fim ba ya buƙatar takardar jami'a. Kayan awon suna hannunka tuntuni: ka san yadda mutane ke magana in ransu ya ɓaci, ka san watan da gero ke fid da kai, ka san maganar da matar ɗa ba za ta taɓa yi a gaban surukinta ba. Abin da ya rage shi ne ka san inda za ka ɗora kowane ma'auni, da wanda za ka fara da shi.

Mataki na farko: a shagon mai turi

Ranar kasuwa ce, a ce Lahadi a Gujungu ko Juma'a a Wudil. Shagon ba ya ɓata: inji na ruri a bayansa, wayoyi jere a kan allo kowace an manna mata lamba, yaro ɗaya a gaban kwamfuta, samari biyar sun yi masa rumfa. Da ka miƙa memori zai tambaye ka, "Hausa ko fassara?" Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce masa, "Cika min kawai." To zai cika, amma da abin da ya fi kusa da hannunsa.

Ka tambaye shi wa ya ba da umarni, wa ya rubuta labarin. Yawancinmu fuskar jarumi muke bi, alhali jarumi ɗaya yana iya fitowa a fina-finai rututu a shekara guda, wani mai kyau wani na neman kuɗin cefane. Darakta da marubuci su ne hannunsu bai cika sauyawa ba. In ka taɓa kallon aikin wani ya gamsar da kai, riƙe sunansa, yana nan a rubuce a farkon fim ko ƙarshensa, wurin da kowa ke tsallakewa. Sannan ka tambaya ko fim ɗin cikakke ne. In mai dogon zango ne, kashi nawa aka yi, nawa ke hannunsa, an gama ko ana kan yi. Babu takaici irin ka kai kashi na 14 ka tarar na 15 babu, kasuwa kuma sai wani mako.

Daga nan sai gwaji. Mai sayen hatsi ba ya tsayawa a bakin buhu, sai ya zura hannu ya ɗebo na tsakiya da na ƙasa. Haka za ka yi: a buɗe maka farko, a ja zuwa tsakiya, a ja zuwa dab da ƙarshe, minti ɗai-ɗai ya isa. Kana duba ko magana na tafiya daidai da motsin baki, ko murya na fita ba tare da ka manna wayar a kunne ba, ko ƙarshen yana nan ba a yanke shi ba, ko kuma irin wanda aka ɗauka da waya ne a cikin sinima, hoto a karkace ana jin tarin mutane. A nan ne kuma za ka kama tsohon fim da aka sauya wa suna aka manna masa sabon hoto.

Game da nauyi, in a waya za ka kalla, mai lambar ingancin hoto 360 ko 480 ya wadatar, kuma ba zai cinye maka wuri ba. Mai 720 sai in a talabijin za a haska, kamar a gidan kallo. Ka yi hattara da memori mai arha fiye da kima: akwai na jabu da ke nuna yana da faɗi, amma da an wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai fina-finan su ƙi buɗewa. Kafin ka bar shagon, buɗe na ƙarshen da aka tura a wayarka.

Wata magana a gefe. Satar fasaha na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, inda a da 'yan kasuwa ke sarar fina-finai su bazu da su ƙauyuka. Kwafin da ke yawo a memori, sau da yawa ko sisi ba ya komawa ga wanda ya zuba kuɗinsa. In fim ɗin yana tashar masu shi a YouTube, kuma garinku sabis na kamawa ko da a bakin titi ne, ka sayi datar dare mai rangwame ka sauke shi a can. Ban ce kowa zai iya ba. Amma wanda ke da hali ya ƙi, bai kamata ya fi kowa ƙorafin lalacewar fim ba.

Wa zai gani bayan kai?

Jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, gwamnatin tarayya ma tana da tata tun 1993, wadda ke sanya alamar shekaru irin 12, 15 da 18. Sai dai abin da ke shigowa ta memori, musamman na ƙasashen waje, ba lallai ya bi ta hannun kowace hukuma ba. Waya kuwa a gidan yawa ba ta mutum ɗaya ba ce: daga hannun maigida ta koma na amarya, daga nan ta faɗa hannun yara a tsakar gida. Duk fim ɗin da ba ka sani ba, ka fara wucewa ta cikinsa kai kaɗai. Wanda ba na yara ba ne, ka kalla ka goge, kada ka dogara da cewa ka ɓoye shi a wani lungu na wayar. Ɗan shekara tara ya fi ka sanin lungunan.

Minti 20 na farko

Ka zauna kallo a lokacin da ba za a yi ta kiranka ba, galibi bayan isha'i. In da hali ka sa abin kunne, domin rabin aikin fim a sauti yake, lasifikar ƙaramar waya kuwa tana cinye shi.

Ka ba fim minti 20. A cikinsu ya kamata ka iya amsa tambaya uku: labarin wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. Yarinya ce ke son ci gaba da makaranta an sa mata rana? Magidanci ne ya jinginar da gonar gado bai gaya wa 'yan'uwansa ba? In minti 20 suka wuce ana ta nuna motoci na shiga gida, maigadi na buɗe ƙofa, ana hawa bene ana saukowa, kuma har yanzu ba ka san damuwar kowa ba, to kana da hujjar kashewa. Mai dogon zango a yi masa sassauci zuwa kashi biyu. Fim ɗin Indiya shi ma a ɗan ƙara masa, domin an gina shi ne a kan kusan awa uku da hutu a tsakiya, kuma sau da yawa dab da hutun nan ne labarin ke juyawa.

Auna labarin

Nan ne gizo ke saƙa. Bayan ka gama, ka gwada ba wani labarin a jimla biyar ko shida, ka saurari bakinka. In kana cewa "saboda ya ɓoye bashin, sai matar ta zargi ƙaninsa, shi ya sa ƙanin ya bar gari," labarin yana da ƙashi, abu ne ke haifar da abu. In kuwa abin da ke fita daga bakinka shi ne "sai kuma aka yi hatsari, sai kuma wani kawunsa ya dawo daga Saudiyya da kuɗi, sai kuma aka gane ashe mafarki ne," to marubucin ya maƙale ne yana neman hanyar tsira. Ko a tatsuniyar da kakanninmu ke yi mana, kwaɗayin Gizo ne ke jefa shi cikin wahala, ba wata mota da ta ɓullo daga kwana ba.

Hanyoyin tsiran nan sanannu ne: hatsarin mota, mantuwa bayan an bugu a ka, likita ya fito yana girgiza kai, wasiyyar da ba a taɓa ambata ba sai a ƙarshe, da uwa uba asiri. Ba cewa nake kada a sa boka a fim ba, mutane na zuwa wurinsu. Abin dubawa shi ne ko an nuna mana yadda mace ta kai ga wannan matsayi, abin da ya ci mata rai, wanda ya zuga ta, abin da ta sayar ta biya. In kawai an ga miji ya juya wa uwargida baya rana ɗaya don an barbaɗa abu a miya, kuma ya dawo hayyacinsa rana ɗaya don an tono laya, to ba a ba ɗan'adam wani aiki a labarin ba.

Ka dubi mugun fim ɗin da kyau. Kishiyar da ke mugunta tun fitowarta ta farko, tana harara tana taɓe baki ba dalili, ba mutum ba ce, alama ce kawai aka kafa don a tsane ta. Wadda ta fi tsoratarwa ita ce mai fara'a, mai kai wa surukarta fura, wadda in ka saurari hujjarta sai ka ji ka kusa ba ta gaskiya. Fim ɗin da ya iya wannan ya wuce sa'o'insa.

Sannan akwai abin da ba a yi masa uzuri, wato hukuncin da kowane almajiri ya sani. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in bai bari ba. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu a tsakanin 'ya'ya. In labari ya ginu a kan gado ko saki ko idda, aka karkatar da waɗannan ba don ana nuna zaluncin wani ba sai don marubucin bai bincika ba, ka rage masa maki da yawa. Tambayar limamin unguwarsu ba ta fi minti biyar ba.

Inda ka fi mai fim sani

Yawancin masu shirya fim a birni suke, ƙauye kuwa zuwa suke yi da mota su ɗauka su koma. Saboda haka duk fitowar da aka ce ƙauye ce, kai ne malami.

Fara da lokaci. An ce damina ce, amma ƙasa fari fat, bishiyoyi sun kaɗe, hazo ya rufe sama. An ce ana yunwar tsakiyar damina, ga dawa a tsaye ta nuna, alhali dawa sai kaka ta yi nisa ake yankanta, bayan an daɗe da girbe gero. Wani an ba shi fartanya yana sara wuri ɗaya, bayansa a miƙe, rigarsa da karin guga. Wanda ya taɓa yin firi ko maimai ya san yadda ƙugu ke lanƙwashewa da yadda ƙafa ke ja baya ko gaba da kunya.

Tsofaffin mata sun fi kowa ido a nan. Ka zauna kusa da goggonka ana nuna jaruma tana daka, za ka ji ta ce, "Kai ɗan nan, mayar min baya." In ka mayar, sai ta kaɗa kai: "Wannan ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Dubi inda ta kama, dubi turmin ma ba komai a ciki, ba ka ji ƙararsa ba?" Ka ce, "Goggo, ai wasa ne." Ta ce, "To a yi wasan da kyau mana." Hukuncinta daidai ne, kuma da kunne ta yanke shi, domin turmin da ke da hatsi da wanda babu ba sa amo ɗaya.

Sai mu'amala. Baƙo namiji ya kutsa har tsakar gida bai tsaya a zaure ya yi sallama ba. Uwa ta kira ɗan farinta da sunansa gatsal a gaban mutane, a gidan da aka nuna mana na masu alkunya ne. Talaka ya tsaya ƙerere a gaban dagaci da takalmi a ƙafa, babu durƙuso babu "ranka ya daɗe". Rikicin iyakar gona ya tashi daga majalisa ya faɗa fadar sarki kai tsaye, an tsallake mai unguwa, dagaci da hakimi. Irin waɗannan in an yi su da gangan don a nuna rashin kunyar wani, za ka ga sauran mutanen cikin fitowar sun razana. In ba wanda ya ko ɗaga kai, masu fim ɗin ne ba su sani ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne baƙauyen fim: wando ɗangalalle, kwalli har kunci, baki a sake, yana tsoron fanka. An mai da shi abin dariya tun kafin ya buɗe baki. Barkwanci daban, raini daban. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ɗan karkarar Kano ne, kuma a fitowarsa masu kyau wayon na hannunsa ne, shi ke juya mai kuɗi da ɗan boko. Ma'aunin da za ka riƙe ke nan a duk fim ɗin camama: da baƙauyen ake dariya, ko shi ake yi wa? Ka kuma saurari harshe. Wanda aka ce mutumin Haɗeja ne amma bakinsa na cikin Fagge, ko wanda ke kwaɓa Sakkwatanci da Katsinanci wuri ɗaya don kawai a ji ya yi "maganar ƙauye", bai yi aikin gida ba.

Wasa, hoto da sauti

Ga gwaji biyu masu sauƙi. Zaɓi fitowa ɗaya mai zafi, ka kashe sautin gaba ɗaya ka kalla. In ka gane wa ke fushi, wa ke jin tsoro, wa ke ɓoye wani abu, 'yan wasan da mai kyamara sun yi aiki. Sannan ka mayar da ita, ka kunna sauti ka rufe ido. In maganar ta yi kama da wadda za ka ji ta bayan katanga, an rubuta da kyau. In kowa na jero jawabi, ɗa yana gaya wa uwarsa, "Kamar yadda kika sani, mahaifina ya rasu shekara goma da suka wuce," to da kai ake, ba da uwar ba.

In kana son sanin gwanin ɗan wasa, kada ka kalli mai magana, kalli wanda ake yi wa. Gwani yana sauraro, fuskarsa na sauyawa da abin da yake ji. Ɗan koyo yana tsaye ne yana jiran layinsa. Kuka da ihu ba su ne gwaninta ba, sau da yawa uwar da ta yi shiru ta ci gaba da tsince shinkafa bayan an gaya mata mummunan labari ta fi mai birgima taɓa zuciya.

Kurakuran haɗi irin su ɗankwali ya sauya launi tsakanin shiga ɗaki da fitowa, ko a hango turken wutar lantarki da ledar ruwa a fim ɗin zamanin sarakunan da, suna da daɗin kamawa, amma kada ka ba su nauyin da ya wuce nasu. Ɗaya ko biyu ba sa kashe fim. Wanda ke kashewa shi ne kiɗan tausayi da ake sakawa ya danne magana. Waƙa kuwa tambaya ɗaya ce: bayan an gama ta, akwai abin da ya sauya tsakanin mutanen nan biyu? In babu, talla ce aka saka maka a tsakiya.

Masu dogon zango

Da kasuwar faifai ta mutu, masu fim suka koma tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. A YouTube kuɗi daga talla yake zuwa, kuma bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya. Ma'ana, yawan kashi da tsawonsa riba ne ga mai shi. Wannan ne ya sa labarin da zai ƙare a kashi goma ake jansa zango bayan zango.

Ga yadda za ka kama jan: tsallake kashi ɗaya da gangan ka kalli na gabansa. In ba ka rasa komai ba, ana sayar maka da iska. Ka lura kuma da mintunan da ke tafiya a maimaita abin da ya faru a baya, da tunanin da jaruma ke yi ana sake nuna fitowar da ka riga ka gani, da mutum uku da za a bi ɗaya bayan ɗaya ana ba su labarin da kai ka sani. Alama mafi muni ita ce a sauya halin mutum ba dalili, ko a kashe shi a waya, don ɗan wasan ya bar shirin. Ba laifi ba ne ka ajiye shiri a tsakiya. Ba ka ɗaukar wa kowa alkawari ba.

Fassara

Fina-finan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, waɗanda kamfanoni irin Algaita suka yi suna da su, da yawansu daga kudancin Indiya suke, na harsunan Telugu da Tamil. A nan abu biyu kake aunawa, kada ka haɗa su. Akwai fim ɗin, akwai bakin mai fassara. Wani lokaci dariyar da kake yi duk tasa ce, ya sa wa bos kirari da baƙar magana irin ta 'yan tasha, fim ɗin kansa kuwa duka ne kawai daga farko har ƙarshe. Gwajin kashe sauti yana raba gardama. Mai fassara nagari yana bambanta muryoyi, yana barin shiru inda aka yi shiru, ba ya mai da wurin makoki wurin raha.

Shirye-shiryen tarihi na Turkiyya da ake fassarawa, a kalle su a matsayin wasa. Wanda aka yi a kan Ertugrul, mahaifin wanda ya kafa daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya ɗauki shekaru daga 2014 zuwa 2019 ana nuna shi, alhali abin da tarihi ya tabbatar game da mutumin kaɗan ne ƙwarai. Sauran duk ƙirƙirar marubuta ce. Kada a ɗauko shi a kafa hujja da shi a gaban malamai.

Tsofaffin

Yaran yanzu in aka kunna musu fim ɗin kaset sai su ce hoton ya yi dishi-dishi, su tashi. Ba a auna tsohon fim da kyamarar yau. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 kuma ake lissafa shi a farkon masana'antar fina-finan Hausa, da kyamarar kaset aka yi shi, kwafin da ya iso gare ka kuwa an juye shi daga kaset zuwa kaset, zuwa faifai, zuwa waya. Dusashewar ba laifin masu shi ba ce. Haka kiɗan fiyano da ya mamaye fina-finai bayan fim ɗin Sangaya na 1999: abin da ke hannu ke nan a lokacin.

Abin da za ka nema a tsoho shi ne wanda shekaru ba sa ci: labari, hali, da harshe. Wasannin talabijin na da, irin Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, galibi ba a rubuta musu kowace kalma ba, ana tsara gundarin labari ne 'yan wasa su cike da bakinsu. Shi ya sa maganarsu ke da rai, shi ya sa kuma wani lokaci fitowa ke yin tsawo har ta gundura. Ka yaba na farkon, ka faɗi na biyun, duka gaskiya ne. Samanja tsohon soja ne, Hausar bariki da yake yi ba koyonta ya yi don wasa ba, kuma ana ji.

Ka kuma kalle su da ido na biyu, idon mai neman yadda duniya take a da. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana nuna sutura da zaman fada da tafiyar ayari ta hamada. Ko fim ɗin soyayya na shekarun 1990 yana ɗauke da titunan Kano kafin gadojin sama, da ɗinkin da iyayenmu suka yi yayi. Daga Indiya kuwa, Mother India ta 1957 labarin mace ce manomiya da mai ba da bashi ya dabaibaye gidanta. Duk wanda ya taɓa cin bashin buhu da damina ya biya biyu da kaka ba ya buƙatar fassara kafin ya gane ta.

Amma kada tsufa ya zama kariya. Dattawa kan ce na da sun fi tarbiyya, su manta cewa shirmen wancan lokaci ya ɓace ne, masu kyaun suka rage a bakin mutane. In tsohon fim ya kwafi labarin Indiya ƙafa da ƙafa, har da rawa a gindin bishiya, ka faɗa. Gwajin jimla biyar da na kashe sauti suna aiki a kansa yadda suke aiki a kan na bana.

Faɗin hukunci

Kada ka yanke a daren da ka kalla, kiɗan ƙarshe yana ruɗar mutum. Bari sai gobe kana gona ko kan hanyar kasuwa, ka ga abin da ya rage a kanka. Sannan ka raba tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa: na ji daɗinsa, da an yi shi da kyau. Mutum na iya jin daɗin fim mai rauni don yana son jarumar, ba abin kunya ba ne, amma ya faɗe shi a haka. Saƙo ma daban yake. "Akwai faɗakarwa" ba ta wanke fim ɗin da aka yi da ganganci, malami ya fito a minti biyun ƙarshe ya yi wa'azi.

A majalisa, in aka ce, "Malam, ya ka ga fim ɗin?" ka kawo fitowa ɗaya da ta yi, ka faɗi dalili, ka kawo ɗaya da ba ta yi ba, sannan ka ce wa ya dace ya kalla: na zama da iyali ne, na samari ne, ko na wanda ba shi da abin yi. Kada ka fasa ƙarshen ga wanda bai gani ba. Ka tsaya a kan aikin, rayuwar ɗan wasa ta gidansa ba ta cikin abin da aka tura maka.

Ka samu ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ka riƙa rubuta sunan fim, darakta, marubuci, da layi ɗaya na ra'ayinka. Ranar kasuwa da shi za ka je shagon turi. Waɗanda suka ci jarrabawa, musamman tsofaffin da samunsu ke wuya, ka ware musu memori na daban, ka naɗe shi a takarda ka rubuta abin da ke ciki, ka ajiye inda zafi da damshi ba sa kaiwa. In akwai wanda ka yarda da shi mai kwamfuta, a ajiye kwafi na biyu a wurinsa, domin memori yakan mutu ba tare da ya yi gargaɗi ba.